Sabuntawa Ta Tsaya Saboda Rashin Wuri: Ina Ne Ainihin Ya Cika?

Saƙon da ke cewa babu isasshen wuri yana cikin abubuwan da suka fi tsayar da sabunta babbar manhajar kwamfuta ko waya, ko Windows ce, ko Linux, macOS, Android ko iOS. Yana kuma cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mai na'ura zai ga sabuntawar da za a sauke gigabait 4 ce, ya ga yana da gigabait 9 a sarari, amma na'urar ta kafe a kan wuri bai isa ba. Wani ma gigabait 200 gare shi babu komai a ciki, duk da haka aikin sai ya kusa ƙarewa ya koma baya. A nan ne mutane da yawa ke shiga goge hotuna da bidiyo ido rufe, ko su kai wa mai gyara ya yi fomatin, alhali sau da yawa wurin da ya cika daban, wurin da suke sharewa daban.

Dalilin da ya sa sabuntawa ke cin wuri fiye da girmanta shi ne ba a rushe tsohuwar manhaja sai sabuwa ta tsaya da ƙafarta. Abin da ake saukewa daga intanet a matse yake zuwa, dole a warware shi kafin a yi aiki da shi, kuma warwararren ya fi matsattsen girma. A tsakiyar aiki ke nan faifai na ɗauke da matsattsen ƙunshin, da fayilolin da aka warware, da tsofaffin da aka janye gefe, ga kuma fayilolin wucin gadi da ake rubutawa ana gogewa. Ajiye tsofaffin nan ba ɓarnar wuri ba ce. Su ne hanyar komawa baya idan wuta ta ɗauke, ko wani sashe na na'urar ya ƙi jituwa da sabuwar manhaja. Buƙatar wurin takan hau ta kai ƙololuwa a tsakiyar aiki, sannan ta sauko, kuma wannan ƙololuwar ce dole faifai ya iya ɗauka.

Windows na nuna haka a fili. Idan za ta yi babbar sabuntawa, irin wadda ke sauya sigar manhajar ɗungurungum, takan buɗe ɓoyayyiyar folda mai suna $WINDOWS.~BT ta zuba kayan aikinta, sannan ta tattara tsohuwar manhajar ta ajiye a foldar Windows.old. Wannan ta biyun takan zauna kwana 10 domin wanda bai ji daɗin sabuwar ba ya iya komawa, daga nan Windows ta goge ta da kanta.

Akwai kuma giɓi tsakanin abin da aka rubuta a kwali da abin da ke hannu. Masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, Windows kuwa da 1,024, shi ya sa faifan da aka saya a matsayin mai gigabait 128 ke bayyana kusan 119, mai 64 kuma bai cika 60 ba. Daga cikin wannan ne babbar manhajar za ta fara cire rabonta. Kamfanonin sun san da matsalar. Daga sigar 1903 ta Windows 10, wadda ta fito a 2019, kamfanin Microsoft ya mayar da gigabait 32 mafi ƙarancin faifan da za a sa wa sabuwar na'ura, ya kuma fara keɓe kusan gigabait 7 da mai na'ura ba zai iya cikawa ba, domin sabuntawa ta sami wurin motsi. Windows 11 ta ɗaga mafi ƙarancin zuwa 64. Kamfanin Apple ma ya ɗanɗana kuɗarsa a 2014, lokacin da iOS 8 ta nemi fiye da gigabait 4 a sarari a wayoyin da da yawa daga cikinsu gigabait 16 ne jimillarsu. Mutane da yawa suka kasa sabuntawa, har ta kai a shekarar da ta biyo baya aka rage buƙatar iOS 9 zuwa kusan 1.3.

Ya kamata a raba wannan da wani abin da ake yawan cakuɗawa. A bakin mutane duka memori ne, amma ƙwaƙwalwar aiki ta RAM, wadda ke wofinta da zarar an kashe na'ura, ba ita ce ma'ajiya ba. Ƙara RAM ba ya ƙara wa faifai ko megabait ɗaya.

Babban abin da ke warware yawancin ruɗanin shi ne faifai ɗaya ba fili ɗaya ba ne. Ana yanka shi yanki-yanki, abin da masu gyara ke kira fatishan, kowane yanki da iyakarsa, kuma wanda ya cika ba ya iya aron wuri daga maƙwabcinsa. Kamar gida ne mai faffaɗan tsakar gida da ɗan ƙaramin sito: idan a sito ake son sa buhun da aka kawo, share tsakar gida ba zai ƙara wa siton taku ɗaya ba. Wasu daga cikin yankunan nan ɓoyayyu ne, ba su da harafi irin C ko D, mai na'ura zai yi shekaru bai san da zamansu ba, ga su ƙanana ƙwarai, amma sabuntawa tana rubutu a cikinsu. Don haka tambayar farko ba wai nawa ya rage ba ce. Tambayar ita ce wane yanki ne ya ƙare, kuma mene ne ya ƙare a cikinsa.

Kafin a taɓa komai, akwai abin da ya wajaba. Idan na'urar tana cikin mayar da kanta baya, a bar ta ta gama ko da ta ɗauki lokaci, a jona ta da caji, kada a danne maɓallin kashewa. Idan saƙon kuskure ya fito, a ɗauki hotonsa da waya, domin lambar da ke jikinsa ita ce rabin binciken. Sannan a kwafi takardu da hotuna masu muhimmanci zuwa wani faifan na waje. Duk matakan da ke biye sun haɗa da goge abu ko motsa iyakar yanki, kuma wanda ya shiga irin wannan aiki babu kwafi a gefe, garin neman gira yana iya rasa ido.

A Windows, lambar 0x80070070 ita ce mafi sauƙin fahimta: faifai ya cika, kuma galibi yankin C ake nufi. Shafin ma'ajiya da ke cikin saituna yana nuna abin da ya ci wurin kashi-kashi, kuma da shi ya kamata a fara, ba da zato ba. Tsohon kayan aikin Disk Cleanup yana nan har yanzu, sai dai amfaninsa na gaske ba ya bayyana sai an danna maɓallin share fayilolin manhaja, inda ragowar tsofaffin sabuntawa da Windows.old suke fitowa. Wanda ya goge Windows.old ya sani ya rufe ƙofar komawa tsohuwar siga. Kwandon shara ma wuri yake ci. Fayil ɗin da aka jefa ciki yana nan daram a kan faifai sai an zubar da kwandon. Foldar abubuwan da aka sauke kuwa a duba ta da ido kafin a ba kowace manhaja izinin share ta, domin a nan mutane da yawa ke barin takardun da ba su da kwafinsu ko'ina.

Bayan waɗannan akwai manyan fayilolin da ba a gani. Fayil ɗin hiberfil.sys, wanda Windows ke zuba abin da ke cikin RAM idan za ta yi dogon barci, yakan ɗauki kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM ɗin, wato fiye da gigabait 3 a na'ura mai RAM 8. Umarnin powercfg /h off yana cire shi nan take, a mayar da shi bayan an gama sabuntawa. Foldar WinSxS kuma ita ce ta fi jan hankalin masu neman wuri, saboda tana bayyana ƙatuwa. Girman da ake gani ya zarce na gaskiya, domin fayiloli da yawa a cikinta sunaye biyu ne na abu ɗaya, ana ƙirga su sau biyu. Goge wani abu a cikinta da hannu yana iya lalata Windows har ta kasa karɓar kowace sabuntawa nan gaba. Hanyar da aka tanada ita ce umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup, wanda ya san abin da ya tsufa da abin da ake dogaro da shi. Idan duk an yi wannan wuri bai samu ba, Windows na iya aron wuri daga filashi ko faifan waje mai gigabait 10 ko fiye a sarari, ta yi aikinta a kansa ta sake shi.

Manhajojin da ake tallatawa da sunan goge datti da ƙara sauri ba su da wani sirri da ya wuce wannan. Abin da suke iya gogewa lafiya, Windows ta riga ta tanadi hanyar goge shi. Abin da suke ƙarawa a kai, musamman share rajistar manhaja, wurin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba, haɗarinsa kuwa na gaske ne.

Inda lamarin ya fi ɗaure kai shi ne ɓoyayyun yankunan. A ranar 9 ga Janairun 2024, Microsoft ya fitar da sabuntawa mai lamba KB5034441 domin toshe wata kafa da za a iya bi a tsallake kariyar BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan faifai. Gyaran ba a yankin C yake sauka ba, a ɗan yankin farfaɗowa ne, inda Windows ke ajiye kayan ceton kanta, kuma yana buƙatar megabait 250 a sarari a can. Ɗimbin kwamfutoci masu Windows 10 ba su da wannan sararin. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne lambar da ta riƙa fitowa, 0x80070643, kawai cewa take ɗorawa ta gaza, ba ta ambaci wuri ba sam. Mutane suka yi ta share yankin C, suna sake gwadawa, tana sake faɗuwa. Maganin da kamfanin ya bayar aikin hannu ne: a kashe yanayin farfaɗowa da umarnin reagentc, a rage yankin Windows da megabait 250 ta hanyar diskpart, a goge yankin farfaɗowa a sake gina shi da girma, sannan a kunna. Kuskuren lamba ɗaya wajen zaɓen yanki a wannan aiki yana iya goge abin da ba a yi niyya ba. Bai dace a ɗora wa mai na'ura na yau da kullum irin wannan nauyi ba, kuma wanda bai saba da diskpart ba gara ya nemi wanda ya iya.

Irin wannan ce ke faruwa da yankin tayar da na'ura, wanda a kwamfutoci da yawa megabait 100 ne kacal. Idan wasu manhajoji sun zuba kayansu a ciki, Windows sai ta ce ta kasa sabunta keɓaɓɓen yankin manhaja, wani lokaci da lambar 0x800f0922. Abin da ake nema a nan bai wuce megabait 15 ba. Kwamfuta mai faifan terabait guda tana iya tsayawa cak saboda wannan ɗan adadi.

A Linux saƙon guda ne, kuskure mai lamba 28, wanda ke cewa babu sauran wuri a kan na'ura, amma musabbabinsa iri-iri ne, kuma a nan ne amfanin aunawa kafin gogewa ya fi fitowa. Umarnin df -h yana jero kowane yanki da abin da ya rage masa, layi-layi. Sau da yawa kallo ɗaya ya isa: babban yanki na nuna kashi 40, ɗan layin /boot kuma na nuna 100.

Matsalar /boot ta cancanci a tsaya a kanta, saboda tarko ce mai rufe kanta. A wannan yanki ake ajiye kanel, wato zuciyar manhajar, tare da wani ƙunshi da ake kira initrd mai ɗauke da abin da ake buƙata a daƙiƙun farko na tashi. Duk lokacin da sabon kanel ya zo, ba a goge tsohon, don a sami na komawa idan sabon ya ƙi tashi. Fedora, wadda nau'in Linux ce, takan riƙe uku ta zubar da sauran. A tsofaffin sigogin Ubuntu kuwa, wanda ya zaɓi a kulle masa faifai yakan sami /boot mai kusan megabait 250, kuma tsofaffin kanel su yi ta taruwa har ya cika. Daga nan sai sabon kanel ya sauka rabi, ya kasa gina initrd ɗinsa. Mai na'ura ya ce wa apt, manhajar da ke ɗora ƙunshi da cire shi, ta cire tsofaffin, ta ce ba za ta cire komai ba sai an fara gyara ƙunshin da ya karye. Ya ce ta gyara, ta ce babu wuri. Mafitar ita ce a fara buga uname -r a ga kanel ɗin da na'urar ke gudana a kansa a yanzu, a rubuta lambarsa a takarda, domin shi ne wanda ba a taɓawa ko ta halin ƙaƙa. Sannan a zaɓi mafi tsufa a cire shi kai tsaye da umarnin dpkg, ko a kwashe initrd ɗinsa zuwa wani yankin. Ɗan sararin da ya samu ya isa apt --fix-broken install ta ƙarasa aikin da ya tsaya, bayan nan apt autoremove --purge ta kwashe sauran. Wanda ya shiga /boot ya yi ta gogewa ba tare da duba uname ba, yana iya wayar gari da kwamfutar da ba ta da kanel ɗin tashi.

Idan babban yankin ne ya cika, wuraren dubawa sanannu ne. Ƙunshe-ƙunshen da apt ta sauke sukan iya zama a /var/cache/apt/archives ko bayan an ɗora su, kuma apt clean tana kwashe su ba tare da wata illa ba. Kundin da manhajar journald ke rubuta abubuwan da ke faruwa a ciki yana iya kai kashi 10 cikin 100 na yankin, iyakarsa gigabait 4, kuma ana rage shi da journalctl --vacuum-size. Manhajojin snap suna riƙe tsohuwar siga a gefen sabuwa. Umarnin du shi ke nuna wace folda ce ta fi nauyi.

Sai dai wani lokaci df -h za ta nuna sarari mai yawa a kowane layi, amma kuskure na 28 ya ci gaba da fitowa. A tsarin faifai na ext4 kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, yana cin gurbi ɗaya a rajistar da ake kira inod, kuma yawan guraben tun ranar da aka tsara yankin aka ƙayyade shi. Idan guraben suka ƙare, ba za a iya ƙirƙirar ko fayil ɗaya ba, ko da rabin faifan a wofi yake. Umarnin df -i ne ke tona wannan. Mai laifin yakan kasance folda mai tarin ƙananan fayiloli, kuma a Ubuntu sau da yawa fayilolin rakiyar tsofaffin kanel ne da ke /usr/src, inda kowace siga ke zuwa da dubbai. Goge bidiyo mai gigabait 5 a wannan hali gurbi ɗaya tak zai bayar.

Akwai kuma akasin haka, inda aka goge ƙaton fayil amma wurin ya ƙi dawowa. A Linux, muddin wata manhaja na riƙe da fayil a buɗe, goge sunansa ba ya sakin wurinsa. Alamar ita ce df ta ce a cike yake, du kuma ta kasa gano abin da ya cika shi. Umarnin lsof +L1 yana nuna mai riƙon, kuma sake kunna wannan manhajar, ko na'urar baki ɗaya, yana sakin wurin. Wani abin lura shi ne ext4 takan keɓe kashi 5 cikin 100 na yanki ga mai cikakken iko, wato gigabait 25 a yanki mai 500. Sabuntawa da wannan ikon take aiki, saboda haka tana iya cinye keɓaɓɓen wurin ta gama, ta bar mai na'ura ba shi da inda zai rubuta komai. Sakamakon shi ne ya sa kalmar sirri daidai, allo ya yi duhu ya dawo da shi shafin shiga. Ba kalmar sirrin ce ta lalace ba. Danna Ctrl da Alt da F3 yana buɗe tagar umarni, inda za a shiga a share abin da zai ba da sarari.

Tsarin Btrfs, wanda Fedora ta koma kansa a 2020 kuma openSUSE ta daɗe tana amfani da shi, yana iya ɗaukar hoton yanayin faifai domin komawa baya. Duk fayil ɗin da ke cikin irin wannan hoton, goge shi ba ya ba da wuri sai an goge hoton. Haka abin yake a kwamfutocin Mac tun da suka koma tsarin APFS a 2017: manhajar ajiye kwafi ta Time Machine tana ajiye hotunan yanayi a kan faifan na kusan awa 24, kuma macOS tana lissafa wani ɓangare na wurin a matsayin wanda za a iya sakinsa idan an matsa, shi ya sa adadin sararin da ake gani ke bambanta daga taga zuwa taga. Umarnin tmutil listlocalsnapshots / yana jero su.

A Mac ne kuma aka ga abin da ke faruwa idan mai ɗorawa bai auna wuri ba kafin ya fara. Sigar macOS ta Big Sur, wadda ta fito a Nuwamban 2020, tana buƙatar gigabait 35.5 a sarari ga mai tasowa daga Sierra ko wadda ta biyo bayanta, har 44.5 ga mai tasowa daga wadda ta girme ta. Sigogin farko na mai ɗorawar ba su tabbatar da samuwar wannan wuri yadda ya kamata ba, sai aikin ya fara, faifai ya cika a tsakiya, kwamfutar ta maƙale tana tashi tana faɗuwa, wasu har suka rasa hanyar kai wa ga bayanansu. Sai a Fabrairun 2021 aka fitar da gyararren mai ɗorawa. Wannan ya nuna cewa saƙon da ke hana farawa ba abokin gaba ba ne. Na'urar da ta ƙi tun farko ta yi wa mai ita alheri a kan wadda ta amsa ta tsaya a rabin hanya.

A waya binciken ya fi gajarta, saboda mai ita ba shi da ikon taɓa yankunan manhaja. Tun Android 7 a 2016 wasu wayoyi ke da yankunan manhaja biyu, ana rubuta sabuwa a ɗaya yayin da ake aiki da ɗayan, wanda ya rage buƙatar sarari sosai. Daga Android 11 aka kawo wani salon da ke aron wurin wucin gadi daga ma'ajiyar mai waya, don haka sarari a ciki yana da muhimmanci har yanzu. Katin memori na waje galibi ba ya shiga wannan lissafi, sai dai a kwashe kaya zuwa kansa don a sassauta wa ciki. A wayoyin da ke hannun yawancin mutane a ƙasar Hausa, abin da ya fi cin wuri sananne ne: bidiyo da saƙonnin murya na zaurukan WhatsApp, wa'azi da waƙa da bikin da aka turo sau uku daga zaure uku. Manhajar na da shafin kula da ma'ajiya da ke ware fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa, kuma daga nan ake samun wuri da sauri. A saitunan kowace manhaja kuma akwai maɓalli biyu kusa da juna: ɗaya na share ajiyar wucin gadi, wanda ba shi da illa, ɗaya na share bayanai, wanda ke mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Rikita su ya jawo wa mutane asarar hirarraki. A iPhone, hoton da aka goge yana zama kwana 30 a jakar waɗanda aka goge kwanan nan yana cin wurinsa, kuma jona wayar da kwamfuta a yi sabuntawar daga can yana ɗauke mata nauyin saukewa da warwarewa.

Wani saƙon yana kama da na cikar faifai amma ba shi ba ne. Mai shirya filashin ɗora Windows zai ga an ce fayil ya fi ƙarfin wurin, alhali filashin gigabait 32 ne babu komai a ciki. Tsarin FAT32 ne ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, kuma fayil ɗin install.wim na sababbin sigogin Windows yakan wuce haka. Kayan aikin Microsoft na shirya filashi, ko manhaja irin Rufus, suna kauce wa wannan da kansu.

Inda ake sayen data da kuɗi a ƙirga, akwai lissafin da masu ba da shawara daga waje ba sa yi. Shawarar da ta fi yawo ita ce a wofintar da foldar SoftwareDistribution inda Windows ke tara abin da ta sauke. Tana aiki idan ƙunshin ne ya lalace, amma ma'anarta a sake sauke komai daga farko, kuma kowane gwajin da ya faɗi yana iya zama gigabait da yawa da suka tafi a banza. Ya fi araha a tabbatar da wurin, a kuma tabbatar da caji ko wuta mai ɗorewa, kafin a danna saukewa. Fomatin kuwa, wanda wasu masu gyara ke fara kawowa saboda ya fi musu sauri, ya kamata ya zo a ƙarshen layi. Yana share alamar ciwon tare da kayan mai na'ura, kuma idan aka sake yanka faifan da ƙananan yankuna irin na da, matsalar za ta dawo a sabuntawa ta gaba.

Mafi munin zaɓi shi ne wanda mutane da yawa ke yi a shiru, wato kashe sabuntawa gaba ɗaya don saƙon ya daina damunsu. Yawancin abin da ke cikin sabuntawar wata-wata toshe kafofin tsaro ne, kuma na'urar da ake shiga banki da ita ba ta dace da zama a buɗe ba. Idan faifan ne ya yi ƙanƙanta da gaske, sauya shi da SSD mai gigabait 256 ko fiye ya kashe maganar a kwamfutocin da ake iya buɗewa a canza. Amma akwai ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu arha, da yawansu na hannu ne da ake shigowa da su, waɗanda ma'ajiyarsu ta eMMC mai gigabait 32 a manne take da allon na'urar, ba ta ciruwa. Tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar ƙasa da 64. Mai irin wannan na'ura gara ya ɗora mata Linux mara nauyi ta ci gaba da samun gyaran tsaro, mai shirin saye kuma ya tambayi girman ma'ajiyar da ko tana ciruwa kafin ya biya kuɗi.